Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ikilisiyoyin Arewacin Kamaru: Ku Koya Mana Yadda Ake Gwada Mai Wa'azi

Iyayenmu cikin Ubangiji, bishop-bishop da shugabannin majalisun ikilisiya, fastoci, fada-fada da dattawa na jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya jama'a? Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri.

Ni ɗanku ne, malamin makarantar Lahadi ta manya a wata ƙaramar majami'a da ke yankin Mokolo. Da Hausa muke sujada domin ita ta haɗa mu: akwai Mafa, akwai Kapsiki, akwai 'yan'uwanmu da suka gudo daga Gwoza da Madagali, akwai 'yan kasuwa masu kai da kawowa tsakanin nan da Mubi. Na rubuto muku a fili ne saboda maganar ta wuce ɗarika guda, kuma waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ba sa zama a taron majalisa.

Tambayar da mutanenmu ke yi a aji, da bakin rijiya, da gidan makoki, ita ce: wa za mu yarda da shi? Ran Lahadi fasto ya karanta aya ya ce ga ma'anarta. Da dare a buɗe waya, wani mai kiran kansa annabi daga Duwala ko Legas ya karanta ayar nan ɗin, ya ce sam ba haka ba ne. Gobe wata 'yar'uwa ta turo saƙon murya a WhatsApp, wani ne daga Jos ko Injamena, shi ma da nasa bayanin. Dukansu Littafi Mai Tsarki ne a hannunsu, dukansu da sunan Yesu suke rufe magana. Amsar da muka saba ji daga bakinku ita ce, kada ku saurare su, ku tsaya a ikilisiyarku. Ranku ya daɗe, wannan amsa ba ta isa ba. Mutumin cikin wayar ma abin da yake faɗa ke nan: kada ku saurari fastocinku, wutarsu ta mutu, ku bi ni. In muryoyi biyu suna neman biyayya kuma babu wadda ta ba da dalili, mai jinya da mai yunwa za su bi wadda ta fi yi musu alkawari. Abin da nake roƙo shi ne ku ba jama'a ma'aunin da za su auna kowane mai wa'azi da shi, ku kuma yarda a fara aunawa da ku.

Kada a ɗauka ina cewa ba ma bukatar malamai. Akwai matasa a cikinmu da ke cewa, ni da Littafina da Ruhu Mai Tsarki mun isa. Littafin da kansa bai yarda da wannan ba. Bahabashen nan, ma'ajin sarauniya, mutum ne mai ilimi, ga littafin Ishaya a hannunsa yana karantawa a cikin karusa, amma da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, ya amsa cewa ina zai iya in ba wani ya bi da shi ba. A zamanin Nehemiya, da Ezra ya karanta Attaura a gaban jama'a, Lawiyawa sun shiga cikin mutane suna bayyana musu ma'ana har suka gane. Bitrus ma ya ce akwai abubuwa masu wuyar fahimta a wasiƙun Bulus, waɗanda marasa sani ke murɗewa su hallaka kansu. Jawo aya kuwa ba shaidar gaskiya ba ce. A lokacin gwajin Yesu, Shaiɗan ya jawo Zabura ta 91 yana so Yesu ya diro daga kan Haikali, kuma bai ƙirƙiri ayar ba, tana nan a rubuce. Ubangiji ya amsa masa da wata aya daga Maimaitawar Shari'a, ya mayar da ta farkon mazauninta. Malami dole ne. Magana ita ce wane malami.

Mu faɗi gaskiya game da yadda yawancinmu muka sami namu. Ba zama muka yi muka auna koyarwar ɗariku muka zaɓa ba. Mishan ɗin da ya fara isa ƙauyen kakanninmu shi ya zaɓa mana. Adolphus Gunderson ya shiga ƙasar Gbaya a 1923, masu mishan na ƙasar Norway suka sauka Ngaundere a 1925, daga nan aka sami ikilisiyar Lutaran ta EELC. Waɗansu 'yan Lutaran daga Amurka sun fara a Lere ta Cadi, suka bazu Yagwa da Kayle da Garwa, daga nan aka sami wata ikilisiyar Lutaran ɗin, EFLC. Fada-fadan Katolika da Yves Plumey ya jagoranta sun iso a 1946. Masu mishan na SUM (Sudan United Mission) sun hau duwatsun nan namu, aikinsu ya haifi tarayyar ikilisiyoyin bishara ta UEEC, 'yan Adbentis kuma suka zauna Dogba da Koza. Wanda aka haifa a gefen wannan dutse ya tashi Katolika, na wancan gefen ya tashi Furotesta, kowa kuma ya gaji amincewa da malamansa kamar yadda ya gaji gonar gidansu.

Amma iyayenmu ba a banza suka ba da wannan amincewa ba. Sun ga mutanen da idonsu. Sun ga wanda ya koyi harshensu, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, ya kwana a gidan mai jinya. Ku tuna da Baba Simon, Fada Simon Mpeke, ɗan kudu da ya bar Duwala ya zo arewa a 1959, ya zauna Tokombere yana hawa duwatsu ba takalmi, har dab da rasuwarsa a 1975. Mutanen da ba su taɓa riƙe littafi ba sun yarda da bayaninsa a kan Allah domin sun san inda yake kwana da abin da yake ci. Fada Jean-Marc Ela, masanin tauhidi wanda ya yi shekaru a Tokombere shi ma, ya yi suna da tauhidin da ake yi a gindin itace, inda manomi ke da bakin tambaya. Haka kuma ɗaruruwan katikis da masu bishara waɗanda sunansu bai shiga littafi ba. Wannan gadon ne kuke ci har yau, kuma yana ƙarewa. Yaron da aka haifa bayan shekara ta 2000 bai ga Baba Simon ba. Abin da ya gani shi ne waya, kuma a waya ma'aunin da ke aiki dabam ne: yawan taro, tsadar kwat, saurin Faransanci ko Turanci, da mutanen da ke faɗuwa ƙasa in an ɗora musu hannu.

A nan nake so in daɗe kaɗan, a kan Irmiya sura 28 da 29, domin ban san wani wuri a Littafi da ya yi kama da halinmu kamarsa ba. Tun 2013 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da mu, kuma har yau dubun-dubatar mutane na ciki. Ban da su, ga namu na gida da suka bar Turu da Kolofata da ƙauyukan Mayo-Moskota, suna zaman haya ko zaman alfarma a garuruwan da ba nasu ba. Duk wanda ya zauna da su ya san babu maganar da ta fi shiga zuciyarsu kamar: yaushe za mu koma gida? Kuma shekara bayan shekara ana samun masu zuwa da annabci, a taron farkawa ko ta waya, su ce bana ce, kafin girbi, kafin Kirsimeti, Ubangiji ya nuna mini.

A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya sarkin Yahuza, cikin wata na biyar, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali a gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya karya karkiyar sarkin Babila, kafin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da dukan waɗanda aka kwashe. Da sunan Ubangiji Mai Runduna ya yi maganar, da irin kalmomin da annabawa ke amfani da su. In da muna wurin, wa za mu bi? Irmiya yana tsaye da karkiyar itace a wuya, shi ne mai cewa a sunkuya wa Babila, maganar da ta yi kama da cin amanar ƙasa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne amsarsa. Bai yi zagi ba, ya ce amin, Ubangiji ya sa haka ta faru, domin shi ma yana son mutanensa su dawo. Sa'an nan ya kafa ma'auni biyu a gaban kowa. Ya ce a duba annabawan da suka riga mu, me suka faɗa, shin wannan sabuwar magana ta bi sahunsu? Ya kuma ce mai annabcin salama, sai maganarsa ta cika za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a gaban taro, kuma a ranar shi ya yi nasara a idon jama'a. Irmiya ya kama hanyarsa ya tafi. Daga baya Ubangiji ya aike shi ya gaya wa Hananiya cewa ya sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya, kuma a wata na bakwai na shekarar Hananiya ya mutu.

Sai wasiƙar da Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar garin da kuke ciki, domin shekara 70 ce. Ayar da ake liƙawa a bayan babur da ƙofar shago, 29:11, wadda ke maganar shirin alheri da Allah ke da shi dominmu, tana biye ne da ayar shekara 70 ɗin. Gaskiya ce, alkawari ne, amma an yi shi ne ga mutanen da aka gaya wa cewa yawancinsu a baƙunci za su tsufa. Wanda ya karanta aya ta 11 ya ɓoye ta 10 ya yi aikin Hananiya, ko da bai sani ba. Na ga iyalin da suka ƙi sa yara a makaranta a nan, suka ƙi karɓar gonar aro, saboda an ce musu bana za a koma. Da shekara ta juyo, mai annabcin ya ce rashin bangaskiyarsu ne ya jinkirta abin. Ba wanda ya tashi a majami'a ya ce, ɗan'uwa, bara ka faɗi kaza, bai faru ba, Maimaitawar Shari'a 18 ta ce kada a ji tsoron irinka. Me ya sa ba wanda ya tashi? Domin ba a taɓa koya mana cewa muna da izinin yin haka ba.

Abin ba ya tsayawa a ɓata lokaci. Wata uwa da na sani ta daina shan maganin hawan jini bayan wani mai wa'azi a waya ya karanta mata Ishaya 53, ya ce shan ƙwaya bayan addu'a rashin bangaskiya ne. Ta tura masa abin da suke kira kuɗin iri, wato baikon neman albarka, ta Orange Money, kuɗin da ta tara daga sayar da ƙosai. Yanzu ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya shawarci Timoti a kan ciwon cikinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ba wanda ya karanta mata labarin Siman mai sihiri, wanda ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. In kuna ganin abin ba zai kai ga mutuwar jama'a ba, ku tuna da dajin Shakahola a Kenya, inda daga Afrilun 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400, da yawa na yara, mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Waɗannan mutane suna da Littafi Mai Tsarki a gidajensu. Abin da suka rasa shi ne ƙarfin halin tambayar mutumin da ke fassara musu shi.

Yanzu ku yi mini haƙuri, iyayena, zan taɓa inda ke ciwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗabi'ar rufe baki a gaban mai riƙe da Littafi ba a waya mutanenmu suka koye ta ba, a majami'unmu suka koya. Sau nawa dattijo ya tambayi lissafin baiko aka karanta masa Zabura 105:15, aka ce kada ya taɓa shafaffe na Ubangiji? Wanda ya karanta zaburar daga farko zai ga ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo cikin al'ummai, Allah yana tsawata wa sarakuna saboda su. Aya ce ta kāre marasa ƙarfi daga masu iko, mu kuma muka juya ta tana kāre masu iko daga tambayar marasa ƙarfi. Sau nawa matashi ya ɗaga hannu a nazarin Littafi aka ce yana da ruhun tawaye? Sau nawa aka karanta Malakai 3:10 a watan da rumbu ya ƙare, har gwauruwa ta koma gida tana ganin ita ɓarauniya ce a gaban Allah? Sau nawa aka kama ma'aikaci da laifin kuɗi ko na mata, aka yi shiru, aka canja masa gari? Jama'a suna gani. Wanda kuka saba masa da cewa tambaya zunubi ce, ranar da maƙaryaci ya same shi ba zai tambaye shi ba shi ma.

Manzanni ba haka suka yi ba. Luka ya yabi mutanen Biriya domin sun karɓi maganar da marmari, suna kuma bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, alhali mai wa'azin Bulus ne da kansa. A Antakiya Bulus ya tsaya wa Bitrus fuska da fuska a gaban kowa, domin ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Afolos gwanin magana ne, masanin Littattafai daga Iskandariya, amma Bilkisu da Akila, masu ɗinkin alfarwa, suka ja shi gefe suka gyara masa fahimta, ya kuwa karɓa. Mace da mijinta, masu sana'ar hannu, suka gyara babban mai wa'azi. A ikilisiyar Koranti an ce annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. Da gardamar kaciya ta taso, ba mutum ɗaya ya yanke ba, an taru a Urushalima, an yi muhawara mai tsawo, an saurari shaidu, an buɗe littafin Amos, sa'an nan aka rubuta wasiƙa. Ikon da kuke da shi na gaske ne, ban yi musunsa ba, Ibraniyawa 13 ta ce mu yi biyayya ga shugabanninmu. Amma ayar ta ƙara da cewa za su ba da lissafi, Yakubu kuma ya ce masu koyarwa za a yi musu shari'a mafi tsanani.

Na san waɗansunku sun sa rai ga gwamnati. Dokar 1990 ta ce ƙungiyar addini sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a 2013 an rufe majami'u da dama marasa izini a manyan birane. Inda aka cuci mutum ko aka taɓa lafiyarsa, hukuma ta yi aikinta. Sai dai takardar izini ba ta auna koyarwa, jandarma kuma ba zai iya rufe TikTok a aljihun 'ya'yanmu ba. Akwai kuma ƙananan majami'un Fentikos da na sani waɗanda fastocinsu ke noma da hannunsu, suna koyar da Littafi da tsoron Allah, kamar yadda akwai masu tsohuwar ɗarika da cikakkun takardu da ke sayar da addu'a. Sunan ɗarika ba ya raba mana gaskiya da ƙarya.

Na san kuma ba bakinku ɗaya ba a kan inda ikon fassara yake. 'Yan'uwanmu Katolika suna riƙe da cewa Littafi da al'adar manzanni da ikon koyarwa na bishop-bishop tare suke tafiya, kodayake babban taron Batikan na biyu ya faɗa a 1965 cewa wannan iko ba ya bisa Maganar Allah, hidima yake yi mata. Mu na ɓangaren Furotesta muna tuna Martin Luta a garin Worms na Jamus a 1521, yana cewa sai an nuna masa kuskurensa daga Littafi da hujja bayyananniya. Amma Luta ɗin nan ne ya rubuta ƙaramar katikisma a 1529, bayan ya zaga ƙauyuka ya tarar jama'a da fastoci da yawa ba su san ko Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma sosai ba. Ba na neman ku warware gardamar shekara 500. Abin da kuka riga kuka yarda da shi tare ya isa a fara aiki: Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da ta Nikiya wadda aka fara tsarawa a 325, da kuma ka'idar da Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya bari, cewa duk wanda yake ganin ya fahimci Littafi amma fahimtarsa ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci, bai fahimta ba tukuna.

Ga abin da nake gaya wa 'yan ajina, ku gyara mini in da gyara. In mutum ya jawo aya, ku ce ya karanta surar duka, da ƙarfi, a harshen da kuke ji. Mai gaskiya zai yi murna da wannan roƙo, wanda kuwa ya husata ya riga ya ba ku amsa. Ku tambaye shi a wurin wa ya yi karatu, wa ya aiko shi, kuma wa ke da ikon ce masa ka yi kuskure ya sauka daga bagadi. Bulus ya ce wa Timoti ya tsaya a kan abin da ya koya, da yake ya san wurin waɗanda ya koya. Maƙwabtanmu Musulmi suna da irin wannan tambaya, in malami ya zo da sabuwar fatawa sukan ce a gun wa ya yi karatu, wane littafi ya sauke, kuma mu da su duka mun binne mutane a shekarun nan saboda masu jawo nassi da ba su da mai tsawata musu. Ina ce musu su riƙe abin da mutum ya yi annabcinsa, da ranar da ya faɗa, su jira. Ina ce musu su duba inda kuɗin ke zuwa. Bulus ya iya ce wa dattawan Afisa bai yi ƙyashin azurfa ko zinariya ko tufafin kowa ba, ya nuna musu hannuwansa, domin shekara uku suna ganinsa dare da rana. Yesu ya ce da 'ya'yansu za a san su, amma ta yaya za ka ga 'ya'yan mutumin da ba ka san matarsa ba, ba ka san maƙwabcinsa ba, ba ka taɓa ganinsa ba sai a bidiyon da shi ya yanka ya haɗa? Wannan ne babban abin da faston ƙauye ya fi na waya da shi: muna iya ganinsa. Kada ku zubar da wannan fifiko ta wurin ɓoye rayuwarku da littafin kuɗinku.

Ko al'ajibi ma bai isa hujja ba. Maimaitawar Shari'a 13 ta ce ko alamar da annabi ya faɗa ta cika, in yana jan mutane zuwa wani allah, kada a bi shi. Yawan baki ma haka: annabawa wajen 400 suka ce wa Ahab ya tafi Ramot-gileyad zai ci nasara, Mikaiya kaɗai ya ce a'a, aka mare shi aka jefa shi kurkuku, kuma shi ne mai gaskiya.

Saboda haka ina roƙonku abubuwan da ke hannunku. Yawancin majami'un ƙauye ba fasto ke wa'azi a cikinsu ran Lahadi ba, katikis ne ko mai bishara ko dattijo, wani da 'yan watannin horo, wani ba ko ɗaya, kuma da yawa ba a biyansu abin kirki. Su ne ke amsa tambayar uwar da aka ce allurar rigakafi alamar dabbar nan ce ta Wahayi 13. Makarantun tauhidi na Kayle da Meiganga da Marwa suna yaye fastoci, Allah ya sa albarka, amma ilimin yana tsayawa a Faransanci da manyan garuruwa. Ku fito da malaman nan da rani, bayan girbi, su zauna mako biyu ko uku da masu wa'azin ƙauye, su koya musu yadda ake bin sura daga farko zuwa ƙarshe, da Fulatanci da Mafa da Hausa da sauran harsunanmu. Ku sa zumuntar mata a ciki, domin su ne suka fi cika majami'a, kuma su masu sayar da annabci suka fi nema.

Ku sa Littafin a hannun mutane. An buga shi cikakke da Hausa tun 1932, aka sake fassara shi a 1979, na Fulatanci kuma ya fito a 1983, amma a ajina mutum huɗu ko biyar ke leƙa kwafi ɗaya. Ku zauna da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Kamaru a kan farashi, ku ware wani abu daga baikon girbi don wannan. Waɗanda ba su iya karatu ba, a sa musu karatun murya a katin waya, littafi sukutum, domin su ji abin da ke gaban aya da bayanta. Sawtu Linjiila, mai shirye-shiryen rediyo na bishara da Fulatanci, ta nuna tun shekarun 1960 cewa ana iya koyar da mutanenmu ta kunne. Wayar da ke kawo ruɗu tana iya ɗaukar bayanin minti biyar daga bakin malamin da muka sani, mai suna da gari da majami'ar da za a same shi.

Ku buɗe lokacin tambaya. Ko sau ɗaya a wata, bayan sujada, fasto ya sauko ya zauna a benci, kowa ya kawo abin da ya ji a waya ko abin da bai gane ba a wa'azi, a buɗe Littafi tare. In fasto bai san amsa ba ya ce zai bincika ya dawo, wannan ba ya rage masa girma a idonmu. A karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, shiga da fita, da harshen da kowa ke ji.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. In ma'aikacinku ya koyar da abin da ya cuci mutane, ko ya yi annabcin da bai cika ba, ko ya karɓi kuɗi don addu'a, kada ku ɗauke shi a ɓoye ku kai wa wata ikilisiya da ba ta san komai ba. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, wannan yana kāre ku daga ƙazafi, kuma ya dace. Aya ta gaba ta ce masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa. Ku bincika da adalci, ku saurari shaidu ko da mata ne ko yara ko 'yan gudun hijira marasa takarda, sa'an nan ku zo majami'ar da aka yi ɓarnar ku faɗi abin da aka samu da hukuncin da aka yanke. Ina roƙon ku sa wannan batu a ajandar babban taronku na gaba, kowace ɗarika a nata, ku kuma aiko wa majami'u a rubuce abin da kuka tsayar domin a karanta mana ran Lahadi.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku.

Ɗanku cikin Ubangiji,
wani malamin makarantar Lahadi, yankin Mokolo